Rabin Ƙwaya

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," na gan ku, Allah ya bar zumunci. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Auta ta cika sakaci tunda har barci take yi a bakin aiki, na ji ki. Ki daure ki kai ƙarshen shafin nan tukuna, sannan ki dawo mu yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

*

Tun bakwai na safe suke zaune a kan dogon bencin sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, sai sha ɗaya saura aka kira lambarsu. Auta ta miƙe da ƙyar ta kama hannun mahaifiyarta. Umma kuwa ba ta yarda ta bar ƙullin kayanta a benci ba, ta rungume abinta a ƙirji. Shekara biyu ke nan tun da aka rushe rumfarta ta sayar da robobi a kasuwa, a watan kuma mai gidan da suke haya ya watso musu kaya waje, ba ta ƙara ajiye abu ta juya masa baya ba. Kowace safiya sai ta ɗaure tukwane da tufafi, ta ce ta ji ana magana a jikin bango, yau za a zo a fitar da su.

Rabin yini kawai Auta ta roƙa a wurin aiki. Ƙarfe biyu dole ta kasance a kan kekenta a kamfanin ɗinka kayan makaranta, inda take haɗa kwalar riga. Shugabar sashensu, wadda suke kira Agogo saboda ko gaisuwa ba ta amsawa sai ta duba tsintsiyar hannunta, ta riga ta yanke mata hukunci jiya a gaban kowa. Sau biyu an kama ta tana gyangyaɗi a kan keke, a na biyun har allura ta ratsa mata yatsa ta ɓata riguna shida da jini. Na uku, ta ajiye katin shiga ta kama gabanta. Wannan ɗan albashin kuwa shi ne haya, shi ne abinci, shi ne maganin Umma.

Likitan dattijo ne, fankar ofishinsa ta daɗe da yin murabus. Ya ɗago ya dubi Umma.

"Mama, ina kwana? Yaya ƙarfin jikin?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ka dai yi sauri, mun baro ɗaki ba kowa."

"Har yanzu suna magana a bangon?"

"Sun ma ƙaru. Yanzu har da mace a cikinsu."

Ya rubuta, ya juyo wajen Auta.

"Tana samun barci?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Tana shan maganin?"

"Tana sha."

"Kullum?"

"Kullum, likita."

Ku shaida, ba ƙarya ta yi ba. Wata biyar yana mata wannan tambayar tana ba shi wannan amsar, kuma ko gaban alƙali aka kai ta za ta maimaita ba tare da ta ƙifta ido ba.

Likita ya jingina da kujera yana juya biro.

"Abin nan ya ɗaure min kai. Da ƙwaya ɗaya muka fara. Da ciwon ya ƙi ji na mayar ɗaya da rabi, ya sake ƙi na mayar biyu. Duk da haka jiya i yau. Maganin bai karɓe ta ba ke nan. Ko dai mu koma allurar wata-wata, ko mu ba ta gado mu sa mata ido."

"Allurar ta fi ƙwayar tsada?"

Bai amsa da baki ba. Ya rubuta kuɗin a gefen takarda ya juyo mata da ita. Auta ta duba, ta sake dubawa ko idonta ne ya ƙara sifili. Sai wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ba ta da haɗi da farin ciki.

"Gadon fa?"

"Gado sai da mai jinya a kusa, dare da rana."

"Ni ce mai jinyar. Ni ce kuma mai zuwa aikin."

Umma tana ta gyara bakin ƙullinta, kamar ba da ita ake ba.

Auta ta buɗe jaka. Ta fito da wani tsohon gwangwanin man shafawa, ta buɗe shi a kan tebur. A ciki akwai reza naɗe a takarda, da 'yan gutsattsarin farin abu kamar tsakin shinkafa, da sauran katin magani mai ƙwaya uku da ba a ɓalle ba.

"Mene ne wannan?"

"Likita, kullum kana tambayata ko tana sha. Ba ka taɓa tambayata nawa take sha ba."

Ya ajiye biron.

"Ina jin ki."

"Da ka ce ɗaya, rabi nake ba ta. Na kwana sha biyar nake iya saye, shi kuma wata ba ya rage kwanakinsa don talaka. Sai na ga gara kullum kaɗan da a ce rabin wata babu ko ɗaya."

"Da na ƙara fa?"

"Da ka ƙara, albashina bai ji labari ba. Da ka mayar biyu kuwa, a makon mai kantin magani shi ma ya ƙara nasa kuɗin. Tun daga nan huɗu nake raba ta. Wani lokacin ta farfashe, in tattara garin da yatsa in lasa mata."

Muryarta ta karye a nan. Ta so ta haɗiye kukan, ya fi ƙarfinta.

Likita ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Wato ni ina nan ina ta ƙara wa takarda magani."

"Ka yi haƙuri."

"Me ya hana ki faɗa min tun farko?"

"Kunya. Kuma in na faɗa, kai za ka je ka rage wa mai kanti farashi?"

Bai ji haushi ba, wallahi da ma ya ji da ya fi mata sauƙi. Numfashi kawai ya sauke.

"Ke ce ta uku a makon nan. Wani bawan Allah shi kwana ɗaya yake ba matarsa, ya huta kwana biyu. Kin je ofishin taimakon marasa ƙarfi? Na ƙarshen baranda."

"Sau huɗu. Sun ce in cike takarda, na cike. Sun ce in kawo hoto, na kawo. Sun ce kuɗin bana bai sauko ba."

Ya gyaɗa kai irin na wanda ya san amsar tun kafin ya tambaya.

"To saurara. Mu koma farko. Ƙwaya ɗaya, cikakkiya, kada ki ƙara sa mata reza. Ki yi duk yadda za ki yi."

"To."

Ita kanta ta san wannan "to" ɗin ba shi da ƙafar tsayawa.

Har ta fara tattara gwangwaninta ya sake magana.

"Abu ɗaya ne bai zauna min ba. Ko kwata ce, wata biyar ya ci a ce tana ɗan sa ta barci. Ban ga alamar maganin a jikinta ba ko kaɗan." Ya ƙura wa Auta ido. "Ke fa? Leɓenki a bushe, idonki na lumshewa tun da kika shigo. Kina shan wani abu ne?"

"Shayi da burodi, in an samu burodin."

"Ba wasa nake ba. Ki yanki naki katin in duba ki."

Kafin ta amsa ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce saura mutum arba'in a waje. Auta ta ɗauki jakarta. Kati ma ai ba kyauta ake yankarsa ba.

*

A bas Umma ta zauna a bakin taga, ƙulli a cinya. Can ta juyo ta dafa gwiwar 'yarta.

"Kin yi kuka a gaban mutane."

"Ya wuce, Umma."

"Bai wuce ba. Ni na san lokacin da abu ya wuce."

Ɗaya saura kwata suka isa gida. Ɗakinsu shi ne na ƙarshe a gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya. Katifa ce a ƙasa, da risho a bayan ƙofa, da labulen da rana ta cinye masa launi. Sauran kayan duk suna ɗaure a buhu biyu a jikin bango, tun safe Umma ta gama shirin korar da ba a yi ba.

"Je ki ki yi sallah, in haɗa miki shayi."

"Ki bar shi, Umma, ki huta."

"Za ki hau keke da yunwa ne? So kike ki ɗinke ɗayan yatsan?"

Auta ba ta ƙara musu ba. Haɗa shayin nan shi ne kaɗai aikin da ciwo ya bar wa Umma, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata shi. Auta ta ajiye jakarta a kan katifa ta ɗauki buta ta fita. A bakin famfo ta tarar da layi, sai da ta jira mutum biyu.

Da ta idar da sallah kofin na jiran ta, da ɗan guntun burodin jiya. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Yau ɗacin ya yi yawa."

"Ganyen ne. Na arha ai haka yake. Shanye, kada ya huce."

Sun fi wata huɗu rabon su da sukari, don haka ɗacin shayi ba baƙon abu ba ne a ɗakin nan. Ta toshe hanci ta shanye tas, har ta kaɗa kofin ta haɗa da na ƙasan.

Ta jawo jaka don ta ɗauki katin shiga kamfani. Sai ta tuna maganar likita, ta ce bari ta duba ƙwayoyin nan uku, ta san ranar da za ta fara neman mafita. Ta buɗe gwangwanin.

Ƙwaya ɗaya ce a jikin katin. Gurbi biyu a fashe.

Ta zazzage jakar a kan katifa. Ta duba ƙasa, ta ɗaga bakin katifar. Babu.

"Umma, kin taɓa gwangwanin nan?"

Umma ta juya mata baya tana goge risho da tsumma.

"Umma."

"Na'am."

"Uku ne a asibiti. Likita ma ya gani."

Umma ta ci gaba da goge rishon.

Idon Auta ya sauka a kan murfin tukunya da ke gefen risho. Cokali ne a kife a kai. Ta miƙa hannu ta ɗauka ta juya shi. Bayansa duk farin gari ne, murfin ma haka. Ta dangwala da yatsa ta kai harshe.

Ɗacin shayinta ne.

Ta zauna daɓas a kan katifa.

"Umma, me kike zuba min a shayi?"

"Magani."

Ko ɓoyewa ba ta yi ba. Ta juyo ta zauna a ƙasa, ta naɗe ƙafa, fuskarta a sake kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Wane magani?"

"Namu."

"Naki dai! Naki ne, Umma! Wanda nake ba ki da yamma fa?"

"Ina karɓa. In kin juya ɗauko ruwa in ɗaure a bakin zani. Da safe in murƙushe miki."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika tsaya a bakin famfo."

"Wace rana?"

"Kin gani? Ba ki ma sani ba. Bokiti ya cika yana zuba, ruwa na bin ƙafarki, kina tsaye kina kallon bango bakinki na motsi. Maƙwabciyarmu matar mai gyaran takalmi ta kira ki sau uku ba ki ji ba. Ni ina daga ƙofa ina kallon ki."

"Tunani nake yi, Umma! Tunanin haya nake yi!"

"Ni ma da tunanin haya na fara."

Umma ta ci gaba.

"Kin ɗauka da ihu yake zuwa? Da shiru yake zuwa. Ki kwanta ido biyu. Ki wanke kwano ɗaya sau uku. A yi miki sallama gabanki ya faɗi, ki ɗauka mai gida ne. Abinci ya koma miki kamar ƙasa a baki. Wanne ne ba ki yi a ciki? Ni na haife ki, Auta. Ciwon nan na san tafiyarsa tun daga bakin ƙofa."

Abin da ya fi yi wa Auta ciwo shi ne babu ƙarya ko ɗaya a lissafin. Duk tana yi. Ta daɗe tana yi, tana cewa gajiya ce.

"Wata nawa ke nan ba ki sha ba?"

"Ban ƙirga ba. Tun kafin a daina sayen sukari."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Umma, ƙafa nake takawa zuwa aiki don in sayi ƙwayar nan. Na sayar da zannuwana. Na tsaya a gaban likita yau na tona wa kaina asiri. Ashe duk cikina take tafiya?"

"Ai ba a banza ta tafi ba. Kina barci yanzu. Da ba kya yi."

"A kan keke nake barcin! A kan keke, Umma! Kin ga yatsan nan? Maganinki ne ya ɗinke shi! Saura kuskure ɗaya Agogo ta kore ni, in ta kore ni me za mu ci? Da me zan saya miki ko kwatar?"

Umma ta dubi yatsan da ke naɗe da bandeji.

"Ba ki gaya min barci ne ya jawo ba. Cewa kika yi keken ne ya fizge."

"Don kada hankalinki ya tashi."

"Ni ma don kada naki ya tashi."

Suka zuba wa juna ido. Ni dai da nake rubutawa ban san wadda zan ba laifi ba a cikinsu, in ku kun sani ku faɗa.

Umma ta matso ta kama hannun 'yarta da hannu biyu.

"Saurara ki ji. Maganin nan ba ya isar mutum biyu, ko mutum ɗaya ma ba ya isa. Ni tawa ta riga ta ƙare. Masu maganar bango na saba da su, wani lokacin har hira suke ɗebe min in kin fita. Amma ke in kika faɗa ramin nan, wa zai ciro ki? Wa zai raba miki ƙwaya da reza? In ɗaya ce za ta tsira a cikinmu, gara mai sauran amfani."

"Kada ki ƙara faɗar haka."

"Gaskiya ce."

"Na ce kada ki ƙara!"

Ta faɗa jikin mahaifiyarta tana kuka, Umma na bubbuga bayanta tana cewa ya isa, ya isa. A tsakar gida wani ya kunna rediyo, yara na rigima a kan layin famfo. Babu wanda ya leƙo, kowa da abin da ke cin sa.

Can Auta ta ɗago a firgice. Ta dubi katin maganin da ke kan katifa, ta dubi kofin da ta shanye.

Gurbi biyu.

"Umma... nawa kika saka yau?"

"Ai kin ji likita da kunnenki. Ya ce kada a ƙara sa reza. Cikakkiya ya ce."

"Ɗaya ya ce!"

"Ɗaya ya ce a fara da ita. Amma shi da bakinsa ya ce da ciwon ya ƙi ji sai ya mayar biyu. Ke kuwa yau har kuka kika yi a gaban mutane. Na ga naki ya ƙi ji."

"Duka biyun?"

"Duka. Na murƙushe su sosai, ko gari ban bari ba sai na jikin cokali."

Kwata ɗaya ce take sa ta gyangyaɗi har allura ta ratsa yatsa. Yau takwas ɗinta ta sha a kofi guda.

Ta zabura ta fita bayan ɗaki, ta zura yatsa a maƙogwaro. Ta yi kakari har idonta ya kawo ruwa, ɗan abin da ya fito bai kai cikin cokali ba. Ta dawo tana dafa bango, ta ɗauki waya ta duba. Ɗaya da minti ashirin da biyar. In ta samu bas yanzu-yanzu za ta isa biyu saura biyar.

In ta zauna a gida, ta yi fashi bayan an ba ta rabin yini, Agogo ba za ta saurari dalili ba. In ta je, awa shida ne a gaban allura mai gudun lantarki. In ta koma asibiti, wa zai zauna da Umma, kuma da me za ta yanki katin?

Ta sa takalmi ɗaya. Ɗayan ta neme shi ta rasa, alhali yana gabanta.

"Ki ɗan kwanta mana," in ji Umma a hankali. "Minti goma kawai. Ni zan tashe ki."

"Umma, ki yi shiru, don Allah ki yi shiru."

Ta ji maganar ta fito a jaye, harshenta ya yi kauri a baki. Ƙofar ɗakin ta ɗan karkata gefe, ta dawo daidai.

Wayar ta ɗauki ƙara a hannunta. Sai da ta runtse ido ta buɗe sau biyu kafin harufan suka tsaya wuri ɗaya.

Agogo ce.

Ta danna ta kai kunne.

"Kina ina? An kawo aikin gaggawa, riga ɗari uku, yau za a kwashe. Manaja da kansa zai tsaya a kan layinku har a tashi. Kina ji na kuwa?"

Auta ta buɗe baki ta ce tana hanya.

"Me kika ce? Ban ji ba. Ke, wai barci kike yi ne?"